Uku da Alamar Tarawa: Labarin Jinyar Tumbina

Sana'ata gyaran rediyo da talabijin. A Fagge na koya tun ina saurayi, zamanin da kowane mai shayi da kowane maigadi yake da rediyonsa a rataye ana jiran labaran safe. Yanzu aikin ya koma gyaran dikoda da fitilar caji da amfilifayar masallatai, amma har gobe da mai rediyo ake kirana a layinmu. Shekaruna sun haura 50, matata ɗaya, Allah ya ba mu zuri'a. Abin da ya sa nake ba da wannan labari shi ne, tun da na koma shago ba a rasa wanda zai jawo benci ya zauna ya ce, "Malam, an ce daji ne ya kama ka a ciki, wane magani ka sha ka tashi?" Wasu ma da takarda da biro suke zuwa. Amsar ba ta gajarta, kuma duk wanda na ba shi rabinta na cuce shi. Babbar 'yata, wadda nake kira Ummi don sunan mahaifiyata gare ta, ita ke rubutawa ina faɗa mata, ita kuma ke daidaita mini maganar asibiti, domin karatun gwaje-gwajen asibiti take yi a Jami'ar Bayero.

Bari in faɗa tun da wuri: ban warke ba. Likitar da ke duba ni ba ta taɓa ce mini na warke ba. Ciwon ya lafa ne, ina cin abinci, ina zuwa masallaci da ƙafata, ina buɗe shago. Alhamdu lillahi a kan wannan.

A Kano wa ba ya da olsa? Ɗan kasuwar Kwari da ke wuni bai karya ba yana da ita, ɗan adaidaita yana da ita, matan gida suna da ita. Ni ma na daɗe da tawa. Zafin ƙirji, ƙonar ciki da dare, sai in leƙa kemis a ba ni ruwan mis-mag. A shekarun baya simetidin ake ba mu, daga baya aka koma omefurazol. Kuma gaskiya suna aiki, ka sha ka ji sanyi. A 2023, bayan an cire tallafin mai, komai ya tsaya wa mutane, ni ma na fara ramewa, kowa ya ce ai zamani ne, wa ke ƙiba yanzu? Amma uwargida ta lura da abin da ya wuce zamani. Loma kaɗan na tuwo sai in ji ciki ya cika taf. Nama, da ba na wasa da shi, ya fita daga raina, ko ƙanshin tsire ba na so. Bahaya ya koma baƙi ƙirin. In na ɗago daga sujada sai duniya ta juya mini.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kawo gyaran fitila, ta kalli tafin hannuna ina miƙa mata canji, ta ce, "Baba, ɗan ja mini fatar idonka ƙasa." Na ja. Ta ce, "Wallahi ba ka da jini. Kada ka koma kemis, asibiti za ka." A asibiti sai da ƙanena ya ba da jininsa aka ƙara mini. Likitan da ya duba ni ya ce mutum mai shekaruna, ga rama, ga ƙarancin jini, ga baƙin bahaya, ba a ba shi maganin olsa a sallame shi sai an leƙa cikin tumbin da ido. Ya ƙara da wata magana da ta zauna mini: irin su omefurazol suna iya kwantar da zafin ko da daji ne ke haddasa shi, mutum ya ɗauka sauƙi yake samu.

Aka zura mini siririyar tiyo mai kyamara ta baki. Ba abu ne mai daɗi ba, amma ba ya daɗewa, kuma tsoronsa ya fi shi kansa wahala. Suka ga wani gyambo mai kauri can sama, kusa da inda maƙoshi ke haɗuwa da tumbi, suka tsinko 'yan ƙananan tsoka daga wurare daban-daban na jikinsa. Sakamako ya fito daji ne. Hoton siti-sikan kuma ya nuna ya riga ya yi tsalle zuwa hanta, wuri biyu ko uku. Likitan tiyata ya ce da a tumbi kaɗai yake da sun yanke, amma yanzu wuƙa ba za ta cim masa ba.

Daren da labari ya isa gidanmu na gado a cikin gari, zaure ya cika. Yayana, wanda shi ne uba gare mu tun rasuwar mahaifinmu, ya faɗi abin da kowa a wurin yake riƙe da shi a baki: "Daji ba ya son ƙarfe. Duk wanda aka yi wa allura a kan daji, to an gama da shi." Wata gwaggonmu ta ce jifa ne, tana da wanda za ta kai ni wurinsa a bayan Gezawa. Aka kawo sassaƙe a jarka, aka kawo garin da ake lasa da zuma. Ban ga laifinsu ba, domin duk wanda suka sani da aka kai asibiti da daji gawarsa aka dawo da ita. Abin da ba a lissafawa shi ne a wane hali aka kai shi. Limamin unguwarmu ne ya raba gardamar. Ya kawo hadisin da ke cikin Buhari, cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, sannan ya ce wa Yaya, "Alhaji, ba a ce maganin sai a itace kaɗai yake ba. A bar shi ya je, mu kuma mu riƙe addu'a." Rubutu da tofi ban bari ba. Sassaƙen dai likita ya roƙe ni in ajiye, saboda hantar da ke ciwo ita za ta tace shi tare da maganin asibiti.

Likitar daji da aka tura ni wurinta mace ce, ba ta da yawan magana, amma ba ta ɓoye komai. Kafin ta rubuta magani ta ce akwai gwaji guda da take so a yi wa tsokar da aka tsinko, a aika da ita wani ɗakin gwaji a Legas. Na ce, "Likita, ba an riga an gano ciwon ba? Wane gwaji kuma, ga kuɗi ba su da yawa?" Ta ce, "Malam, an gano daji ne, ba a gano wane iri ba ne. Mutum goma za su zo mini da dajin tumbi, a hoto duk ɗaya suke, amma abin da ke tunzura kowanne daban."

Ga yadda ta yi mini bayani, Ummi ta ƙara mini a gida. Jikin mutum gaba ɗaya tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya ba ta yin gaban kanta, umarni take jira. A jikin fatarta akwai wasu sinadarai da suka leƙo waje, aikinsu su kama saƙon da ke yawo a jini ko a ruwan jiki su miƙa shi ciki. Makarɓan saƙo kenan, kuma kowane saƙo da nasa makarɓin. Insulin ɗin da masu ciwon suga suka sani yana da nasa, in ya sauka a kai ƙwayar ta buɗe ta ɗauki suga. Akwai kuma makarɓan da saƙonsu shi ne "girma, rabu biyu", da su yaro ke tsawo, da su rauni ke cikewa.

Tana cikin magana na ce, "Likita, ai eriya kenan." Ta yi dariya ta ce in ci gaba. Na ce rediyo ba ta magana sai eriya ta kamo tasha. Ta ce to haka ne, sai dai a wasu dajin ƙwayar takan fitar da eriya iri ɗaya fiye da ƙima, ninki 40 har zuwa 100 na abin da ya kamata, su cunkushe a jikinta har su riƙa taɓa juna. Da sun taɓa juna sai su fara aika umarni ciki alhali babu tashar da ta yi magana. Ƙwayar tana jin "rabu, rabu" dare da rana, ita kuwa biyayya kawai ta sani. Duk wanda ya yi gyaran lantarki ya san na'urar da ke kamo kanta da kanta, ba ta shiru sai an raba ta da wuta. A nan na gane ciwona, kuma daga ranar tsoron da nake ji ya sauya kama, domin abu ne mai dalili.

Sunan wannan makarɓi HER2. Su huɗu ne 'yan gida ɗaya, HER1 zuwa HER4, kuma shi na biyun ya bambanta da sauran: ba a san wani saƙo na waje da yake jira ba, aikinsa ya manne da ɗan'uwansa su ƙarfafa umarni. Ƙwayar gadon da ke ƙera shi tana kan kuromozom na 17, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta. A lafiyayyen mutum kwafi biyu ne, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A irin wannan daji sai ta yi ta maimaituwa a cikin ƙwayar da ta lalace. Wannan lalacewa a tumbin take faruwa, ba abin da mutum ya gado ba ne, ba kuma abin da zai gadar wa 'ya'yansa ba. Wannan ita ce tambayar farko da uwargida ta yi.

Yadda ake gwajin, ana shafa wa siririn yankan tsokar wani sinadari da ke manne wa HER2 kaɗai, ya rina shi ruwan ƙasa, a duba a madubin likita. In babu rini a rubuta 0. In ya ɗan taɓa, 1+. In tsaka-tsaki ne, 2+, sai an sake wani gwajin da ke ƙirga kwafin ƙwayar gadon kafin a yanke hukunci. In kuwa ƙwayoyin sun yi zobe mai duhu, 3+. A tumbi abin yana da wuyar sha'ani fiye da a mama, domin ciwo ɗaya yana iya zama ɓangarensa yana da HER2 ɓangarensa babu. Shi ya sa mai kyamara yake tsinko tsoka da yawa daga wurare daban-daban. In guda ɗaya ya ɗauka, yana iya faɗawa kan inda babu, a hana mutum maganin da zai amfane shi. Cikin masu dajin tumbi, kamar ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka ne ke da shi, kuma an fi samunsa a ciwon da ke sama kusa da maƙoshi, irin nawa.

Takarda ta dawo daga Legas. Ummi ce ta buɗe. Ta ce, "Baba, uku da alamar tarawa." Na tambaye ta murna za a yi ko kuka. Ta ce, "Duka biyun, Baba. Irin wannan yana da saurin girma, amma yana da abin kama shi."

Abin kama shin sunansa tirastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin. Asalinsa maganin dajin mama ne. Wani likita a Los Anjeles, Dennis Slamon, shi da abokan aikinsa suka nuna a 1987 cewa matan da dajinsu ke da yawan HER2 ciwon ya fi saurin dawo musu. Aka ƙera sinadarin garkuwa wanda ba ya gane komai a jiki sai wannan makarɓi, Amurka ta amince da shi a 1998. Yana zuwa ya kama HER2 ta waje ya rage umarnin da yake aikawa, sannan zamansa a jikin ƙwayar alama ce ga sojojin garkuwar jiki, su zo su kashe ta. Sai bayan shekara 12 ya iso ga masu ciwon tumbi. Binciken da ake kira ToGA, wanda aka buga a 2010, ya tantance mutane kusan 3,800 a ƙasashe 24, aka shigar da kusan 600 masu HER2. Waɗanda aka ba kimo zalla, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji da aka saba da su, matsakaicin abin da suka rayu wata 11.1 ne, waɗanda aka haɗa musu da tirastuzumab wata 13.8. Masu rini mai ƙarfi kuwa sun kai wata 16.

Da likita ta karanta mini waɗannan lambobi, ƙanena ya kasa haƙuri. Ya ce, "Likita, duk wannan kuɗin don wata uku?" Ta ce matsakaici ba wa'adin kowa ba ne, rabin mutanen sun wuce shi, wasu sun wuce da nisa, wasu kuma ba su kai ba, ita ba ta san inda zan faɗa ba. Na ji daɗin da ba ta yi mini alkawari ba. Masu sayar da magani da lasifika a bakin tasha su ne ke alkawari. Ni a raina na ce ajali na Allah ne, amma in akwai wata uku da zan ci abinci a cikinsu in ga an ɗaura auren 'yata, ban raina su ba.

Kuɗin kam ba a magana. Na fara jinya daidai lokacin da naira ke zubewa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, magani kuwa daga waje yake zuwa. Duk zuwa sai mai sayarwa ya ce wancan farashin ya wuce. Na sayar da filina da ke hanyar Gwarzo, wanda na saya da niyyar gina wa yara. Uwargida ta fitar da sarƙarta ta kai Kasuwar Rimi ba tare da ta gaya mini ba. 'Yan ƙungiyarmu ta masu gyara suka yi karo-karo, wani Alhaji da nake yi wa gyaran amfilifayar masallacinsa ya ba ni daga zakkarsa. Yayana, mai cewa daji ba ya son ƙarfe, shi ne ya sayar da shanunsa biyu da ke kiwo a ƙauye. Bai janye maganarsa ba har yau, amma kuɗinsa sun shiga allurar. Abin da ya sa ma muka iya shi ne akwai kwatankwacin maganin da kamfanonin Indiya da wasu ƙasashe suke yi tun da wa'adin mallakar na asali ya ƙare, aikinsu ɗaya, kuɗinsu ya fi sauƙi. Likita ta gargaɗe mu kada mu saya a hannun wanda ba a sani ba, mu duba lambar NAFDAC, mu kuma tabbata a firij aka ajiye shi, don zafi yana kashe shi. A Kano, a watan Afrilu, ga ɗauke wuta, riƙe kwalba a sanyi aiki ne mai zaman kansa. Da kula da ƙanƙara muke ɗauko shi, Ummi ta rungume a cikin adaidaita.

Duk mako uku ake sa shi ta ƙarin ruwa, kuma da nauyin mutum ake auna shi, miligiram 8 a kowane kilo karon farko, daga nan 6. Na ce wa ma'aikaciyar jinya ashe ramata ma ta yi rana, tunda ta rage mini kuɗi. Babbar kwalbar miligiram 440 ce, takan yi mini saura, sai mu haɗa kai da wata mara lafiya mu raba. A ɗakin kuwa kusan duk masu karɓar wannan magani mata ne masu dajin mama. Ranar farko wata dattijuwa daga Kurna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, ko ka ɓata hanya ne? Nan layin mata ne." Daga baya ita ce ke ajiye mini kujera, tana kirana ƙaninta. Matan nan sun fi mu juriya, na gani da idona. Wata za ta gama karɓar kimo ta goya ɗanta ta tafi neman mota.

Tirastuzumab bai wahalar da ni ba, in ban da zazzaɓi da rawar sanyi a karon farko. Abin da ake tsoro a kansa zuciya ce, domin tsokar zuciya ma tana da nata HER2 kaɗan da take amfani da shi wajen gyara kanta. Saboda haka duk wata uku sai an yi mini hoton zuciya a ga ƙarfin bugunta. Kimon da aka haɗa da shi ne ya nuna mini iyakata. Akwai na jijiya, okzalifilatin, akwai ƙwayoyin haɗiya, kafesitabin. Na jijiyan ba ya shiri da sanyi. Da hunturu in na sa hannu a ruwan alwala sai in ji shokin har gwiwar hannu, ko ruwan randa ba na iya haɗiya, sai uwargida ta riƙa ɗumama mini ruwa kafin asuba. Tafin hannuna da na ƙafa suka yi baƙi suka tsattsage. Yatsuna suka mutu, ni da aikina kama abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba in narka masa dalma. Wannan ya fi amai ci mini rai. Azumin 2024 ban yi shi ba, malam ya ce in ciyar. Ina jin kiran sallar magariba ina kallon yara suna buɗa-baki, ni da na wuni ina kurɓar kunu.

Sauƙin ya fara ne daga abinci. Wata rana na cinye kwanon ɗanwake na tambaya ko da saura. Uwargida ta shiga ɗaki, na san kuka ta je yi. Hoton da aka sake ya nuna na hanta sun ƙanƙance, na tumbi ya ja baya. Bayan an gama zagayen kimo aka bar ni a kan tirastuzumab da ƙwayoyin.

Akwai wanda ba zan ba da labarin nan in tsallake shi ba. Wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta daga wajen Bichi, kusan tare muka fara. Ciwonmu ɗaya a suna, har hantar. 'Ya'yansa suna da hali, sun fi mu nesa ba kusa ba. Gwajinsa ya dawo 0. Da ɗansa ya ga ina murmurewa, ya tare likita a gabana ya ce, "Ranki ya daɗe, a ba Baba irin na wannan bawan Allah, ko nawa ne za mu biya." Ta ce masa ba rowa take yi ba, maganin ba shi da inda zai kama a jikin ciwon mahaifinsa, in an sa masa sai dai ya ɗauki haɗarin zuciya a banza. Yaron ya yi shiru, ni ma na rasa inda zan sa idona. Malam ya rasu bayan babbar salla. Allah ya jiƙansa, ya sa jinya ta zama kaffara. Tun daga kansa nake ƙin rubuta wa mutane sunan maganina a takarda.

Ba HER2 kaɗai ba ne, kuma a nan ne na ga yadda masu binciken suke shan wahala. Ɗan'uwansa HER1 ma yakan yi yawa a dajin tumbi, akwai kuma magungunan toshe shi da ke aiki a dajin hanji. Aka gwada su a tumbi, manyan bincike biyu da aka buga a 2013 suka nuna ba su ƙara komai ba. Hatta wasu magungunan HER2 da suka yi wa matan dajin mama rana, irin su lafatinib da fatuzumab, da aka kawo su tumbi ba su cika abin da aka sa rai ba. Amma wasu ƙofofin sun buɗe. Daji ba ya wuce wani ɗan girma sai ya samu jini, don haka yakan aika saƙo ga jijiyoyin da ke kusa su tsiro zuwa gare shi. Makarɓin wannan saƙo a jikin jijiyoyin yake, sunansa VEGFR2, kuma ramusirumab, da aka amince da shi a 2014, shi yake toshewa. Akwai PD-1, wanda ke jikin sojojin garkuwa, aikinsa ya ce musu su dakata, daji kuwa ya koyi taɓa shi don a ƙyale shi. Tasuku Honjo na Japan, wanda ya gano shi, ya samu kyautar Nobel a 2018 tare da James Allison, kuma daga 2021 magungunan da ke cire wannan birki suka shiga sahun farko na jinyar dajin tumbi. Likita ta ce a ƙasashen da ke da hali, wasu masu irin ciwona ana haɗa musu da ɗaya daga ciki. Ta faɗi kuɗinsa, muka yi dariya ni da ita, aka wuce wurin. A 2024 kuma Japan da Amurka suka amince da zolbetuksimab, mai kama wani sinadari da ake kira kulodin 18.2 a fatar ƙwayoyin tumbi. Da Malam na Bichi yana wata ƙasar, wataƙila da an duba masa wannan.

Wani abin mamaki da Ummi ta gaya mini: simetidin ɗin da na sha shekara da shekaru shi ma maganin makarɓi ne. Ƙwayoyin da ke zubo ruwan tsami a tumbi suna da makarɓin da ake kira H2, shi yake toshewa, kuma James Black, ɗan Sikotilan da ya jagoranci gano shi, ya karɓi Nobel a 1988. Ashe ilimin da ya kai ni Legas gwaji yana nan a kantar kowane kemis a Fagge.

Daga ina ciwon ya faro? Gwajin tsokata ya nuna ina ɗauke da ƙwayar cutar nan ta helikobakta. Likitoci biyu a Fat ta Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982, lokacin da duniya ta yarda damuwa da yaji ne ke kawo olsa. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya shanye ruwan da ya raini ƙwayar a ciki ya kamu da kumburin tumbi. Nobel ɗinsu ta zo a 2005. Tun 1994 hukumar binciken daji ta duniya ta sa wannan ƙwaya a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Galibi tun yarinta ake ɗaukarta a cikin gida, ta zauna shekaru tana ƙona bangon tumbi a hankali, wasu nau'inta ma suna tsira wa ƙwayoyin tumbi wani sinadari da ke rikita hanyoyin saƙon girma daga ciki. Yawan gishiri da shan taba suna taimaka mata. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba za su taɓa yin daji ba, kada hankalin kowa ya tashi. Wani likitan tiyata da ya yi aiki a Maiduguri, Holcombe, ya yi rubutu a 1992 yana mamakin yadda ƙwayar ta cika Afirka amma ba a ganin dajin tumbi da yawa. Ni dai nawa tunanin na mai gyara, abin da ba a buɗe ba ba a san abin da ya ƙone a ciki ba. Mutum nawa muka kai maƙabartar Ɗandolo aka ce olsa ce ta kashe shi, ba a taɓa zura masa kyamara ba? A Koriya ta Kudu duk wanda ya kai shekara 40 ana kiransa a leƙa tumbinsa duk shekara biyu, shi ya sa suke kama ciwon yana ƙarami, fiye da kashi 70 cikin 100 na masu shi suna wuce shekara biyar. A duniya baki ɗaya kuwa, ƙididdigar 2022 ta nuna kusan mutum miliyan ɗaya ne suka kamu, kimanin 660,000 suka mutu.

Na sa an yi wa uwargida da manyan yara da ƙannena gwajin bahaya na helikobakta. Waɗanda aka samu da ita sun sha maganin mako biyu, haɗin ƙwayoyin kashe cuta da na rage ruwan tsami, aka sake gwadawa bayan an gama. Ƙanena da ya ba ni jini yana fama da tasa olsar, likita ta ce tunda ɗan'uwansa na jini ya yi wannan ciwo, gara a leƙa nasa tumbin. Har yanzu yana ce mini sai kasuwa ta buɗe. Na haɗa shi da Yaya.

Yatsuna ba su dawo daidai ba, ƙananan ayyuka yaron shagona ke yi ina nuna masa da baki. An ɗaura auren Ummi, ni na karɓi gaisuwar 'yan ɗaurin aure a ƙofar gida a tsaye. Maganin muna ci gaba da shi gwargwadon abin da Allah ya hore, wani lokaci a kan kari, wani lokaci a ɗan makara kafin kuɗi su haɗu. Likita ta gaya mini a fili cewa irin wannan ciwo yakan koyi kauce wa maganin. Ƙwayoyin da ke da HER2 su ne suka mutu, waɗanda ba su da shi tun farko suna iya yaɗuwa su cike gurbin, har a sake gwaji a ga uku ta koma sifili. Akwai sabon magani, Enhertu, wanda aka ɗaura wa tirastuzumab guba a jiki don ya kai ta har cikin ƙwayar, an amince da shi ga dajin tumbi a Japan a 2020, a Amurka a 2021, amma shi ma sai in makarɓin yana nan, kuɗinsa kuma ya ninka na wanda nake sha. Mun yi da ita cewa duk ranar da hoto ya nuna ciwon ya motsa, ba za a sayi komai ba sai an sake zura kyamara an tsinko sabuwar tsoka an aika Legas.